Gurbin da Na Nema wa Habu

Dakta Nasiru, shugaban ofishinmu, ya yi ƙarya da sunana ina kwance da karyayyiyar ƙafa. Gurbin aikin da na sha wahala na nema wa wani ɗalibi mai suna Habu, shi ya ɗauka ya ba ɗan abokinsa, ya ce ni na ce a yi haka. Da abin ya lalace, sai ya ce ofis bai san zancen ba, masinja ne, wato ni, ya yi gaban kansa. Dalilin da ya sa kenan kuke ganina yau a bakin get ɗin jami'a ina ɗaga wa motoci ƙarfe. Kujerar da aka raba ni da ita ba ta dame ni ba, dama benci ne. Abin da ya tsaya min shi ne Habu yana can Buji har gobe yana zaton ni na sayar da gurbinsa.

Ku samarin da ke zaune a ofishin shawarar aiki yanzu, saboda ku nake wannan rubutu, duk da cewa alƙalami ba abokina ba ne, a aji uku na sakandare na tsaya. Kwanan baya ina buɗe muku ƙofa na ji ɗayanku yana ce wa ɗan'uwansa wai aikin Baba Sabo a da ai ba komai ba ne, goya ɗalibi a babur ne kawai. To, bari in gaya muku abin da ake goyawa.

Madam Rifkatu ce ta koya min aikin. 'Yar Filato ce, Kirista, mijinta ma'aikaci ne a sakatariya, ta daɗe a Dutse har Hausarta ta fi ta wasu 'yan unguwar Takur. Ita aka fara ba ofishin, ni kuma aka ba ta ni in riƙa kai takardu da goge tebur. Ba ta daɗe ba ta gane inda ciwon yake. Ɗalibin kimiyya in zai fita koyon aiki, ko ya gama yana nema, akwai asibiti, akwai ma'aikatar gona, akwai masu kwamfuta. Amma wanda ya karanta tarihi, ko Hausa, ko Turanci, ko Larabci, in ka ambace shi sai mutum ya kalle ka ya ce, "To me zai yi min? Labari zai ba ni?" Waɗannan su ne namu. Ba wanda ya ware mana su, su ne dai suke ragewa a benci bayan kowa ya tafi.

Fitar farko da na bi ta, wurin wani lauya ne a hanyar kasuwa. Akwai wata ɗaliba, Sadiya, mai Turanci, Madam tana so ya ɗauke ta ta riƙa yi masa tafinta da mutanen ƙauye masu shari'ar gona. Muka shiga, Madam ta zauna. Ta tambayi jikin mahaifiyarsa, ta jajanta masa rufin ofis da iska ta yaye, ta sha ruwa, ta miƙe. Muna fitowa na ce, "Madam, kin manta abin da ya kawo mu."

"Ban manta ba, Malam Sabo. Yau gaisuwa muka zo."

"Duk man nan da muka ƙona?"

"Kai in baƙo ya faɗo gidanka ya ce ka ba shi ɗaki, me za ka ce?"

"Zan ce babu."

"To shi ma haka zai ce. Kuma in ya ce babu sau ɗaya, girman kai ba zai bar shi ya dawo ya ce akwai ba."

Muka koma, muka sake komawa. Ranar da ta kawo maganar kuwa ba ta fara da yabon yarinyar ba. Ta ce, "Barista, tana da saurin fushi, kuma ba ta iya buga na'ura sosai ba. Amma abin da mutum ya faɗa, shi za ta faɗa maka, ba ragi ba ƙari." Ya ce a kawo ta. Washegari Madam ta ce min, "Ka kai ta da ƙafarka. Kada ka shiga da takarda a hannu, takarda daga baya ce. Ka ce masa ga amana."

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Haka ake kai yaro wurin tela ko makaniki: babba ya riƙo shi ya kai, ya ce ga amana, daga ranar duk abin da ya aikata wanda ya kawo shi ake nema. Abin da Madam ta yi shi ne ta shigo da wannan cikin jami'a. Sai dai ita mace ce, kuma ba Musulma ba, akwai zauren da ba za ta shiga ba, akwai gawar da ba za ta raka ba. Nan ne ni nake shiga. A hankali sai ya zama fuskata aka sani a gari.

Kayan aikina ba su da yawa. Tsohon babur, da wata jaka da nake ɗaurewa a baya. A cikinta akwai hula biyu, da farar riga mai dogon hannu, da hijabi wanda Madam take kaiwa gida ta wanke, da man takalmi da buroshi, da goro a jiƙaƙƙen algarara. Na tuna wani ɗan tarihi da zan kai wurin wata ƙungiya mai shiga ƙauyuka tana tambayar dattawa. Ya zo min da aski irin na 'yan ƙwallo, an sauke gefe an bar tozo. Na zaro hula na miƙa masa.

Ya shinshina ya ce, "Baba, hular nan fa warin gumi take."

Na ce, "Gumin waɗanda ta samo wa aiki ne. Digirinka wa ya taɓa samo wa? Saka mu tafi."

Ya saka. Ya yi musu aiki mai kyau kuwa, don masu tarihi sun iya zama gaban tsoho su yi shiru su saurara, abin da ba kowane ɗan boko ya iya ba. Wuraren namu kenan: irin waɗannan ƙungiyoyi, da makarantun kuɗi, da gidan rediyo masu neman mai fassara labarai, da lauyoyi. Wanda ya ji Fulatanci kuma ba ya daɗewa a benci, don ana neman mai shiga ruga.

Kai ɗalibi ba shi ne ƙarshen aikin ba, nan ma aka fara. Sai ka riƙa leƙawa, kamar hanya ce ta biyo da kai. In ka ga mai wurin ya amsa gaisuwarka yana kallon ƙasa, to akwai magana. Wata malamar Larabci da na kai wata makaranta ta riƙa makara wajen zuwa aiki, mai makarantar bai ce mata komai ba, ni ya kira. Na je har gidansu na tarar ita ke jinyar kakarta, sai ta gyara ta take fitowa. Na koma na faɗa masa, ya mayar da darasinta bayan tara. Da ta waya aka tura ta, da korar ta kawai zai yi, kuma ba zai sake karɓar wani daga wurinmu ba.

Shekarar kullen korona ita ta karya mu. Makarantun kuɗi suka rufe, malaman da muka kai musu suka dawo gida. Gidan rediyo ya rage masu fassara. Ƙungiyoyi suka kwashe motocinsu. Da aka buɗe gari, da yawa daga wuraren da na sani ba su farfaɗo ba, kafin a daidaita kuma malaman jami'a suka tafi dogon yajin aiki. Waɗanda suka gama suka taru a kan waɗanda suka riga su. Ya zama in na je gaisuwa, mutum na hango babur ɗina sai ya shige ciki ya aiko a ce ba ya nan. Gurbi ɗaya a lokacin, manyan mutane ma nema wa 'ya'yansu suke. Ana cikin haka Madam ta yi ritaya ta koma gida, aka kawo Dakta Nasiru.

Ba zan yi masa ƙarya don ya yi min ba. Ya san aiki ta nasa ɓangaren. Shi ya kawo koya wa ɗalibai rubuta takardar neman aikin nan da kuke kira sibi, shi ya buɗe shafin intanet, kuma na san waɗanda suka samu aiki a Kano da Abuja ta nan, wuraren da babur ɗina ba zai kai ba. Ni dai kallona yake kamar tsohon kabad da ya tarar a ofis, bai jefar ba, bai kuma buɗe ba.

Habu a wannan lokacin ya fara zuwa. Ɗan Buji ne, babansa manomin gero ne mai 'yan awaki, shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. Hausa ya karanta, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna. Matsalarsa i'ina. In ya shiga intabiyu, kafin ya fitar da sunansa an kira na baya. Na kai shi wata makaranta gwaji, yara suka yi ta kwaikwayonsa har ya ajiye alli ya fito. Amma in ka ba shi takarda ya duba, ba abin da yake wuce idonsa, kuma yana iya wuni a kanta bai ɗago ba. Sai na tuna da Alhaji Garba.

Alhaji Garba maɗaba'a gare shi a unguwar Yalwawa. Yana buga littattafan addu'a da katin biki, amma abin da ya riƙe wurin shi ne takardun jarrabawar makarantun kuɗi, waɗanda ba ido da ya kamata ya gani kafin ranarsu. Saboda haka bai taɓa karɓar ɗalibi ba. Yakan ce ɗan jami'a da waya a hannu ba zai shigar masa ɗakin inji ba. Tun zamanin Madam nake zuwa gaishe shi. Sunan jikokinsa ina nan, ɗaurin auren 'ya'yansa ina nan, ranar da uwargidansa ta rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ban taɓa roƙonsa komai ba. To yanzu idonsa ya fara rauni, yana bukatar wanda zai duba masa shafi kafin a ɗora a inji.

Na same shi a kan tabarmarsa a bakin ƙofa. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, ina da mutum."

Ya ce, "Sabo, ashe duk goron nan na shekara da shekaru da biyu kake kawo shi."

"Da biyu mana, Alhaji. Kai ma ka sani."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Faɗi aibinsa."

"I'ina gare shi. Kafin ya gama gaishe ka shayinka ya huce."

"Wannan a wurina ba aibi ba ne, mai i'ina ba ya yawo da zance. Ɗan wa ne?"

Na faɗa masa gidansu da unguwarsu. Ya ce, "Ka san abin da nake bugawa. Ka tsaya masa?"

"Na tsaya masa."

"To ka kawo shi da kanka bayan sallar layya, kafin aikin jarrabawa ya taso. Mutum ɗaya, Sabo. Kuma saboda kai."

Da na gaya wa Habu, maganar ma ƙin fita ta yi gaba ɗaya, sai ya riƙe hannuna da hannu biyu. Na zaro hula ɗaya daga jaka na ce ya tafi da ita gida ya wanke, da ita zai shiga wurin Alhaji. Na kuma sanar da Dakta, tunda shi ne shugaba. Ya tambaye ni ko aikin na dindindin ne, na ce eh. Ya ce madalla.

Washegarin sallah aka yi ruwa, akuya ta gitta min a hanyar Kiyawa, babur ya kwanta a kan ƙafata. Wayata ta farfashe a wurin. 'Yan'uwa suka kwashe ni zuwa ƙauyenmu wurin mai ɗori. Na aiki ƙanena ga Dakta, na ce don Allah a gaya wa Habu da Alhaji su yi haƙuri sai na miƙe. Ƙanena ya dawo ya ce Dakta ya ce in kwantar da hankalina, zai kula da komai. Ɗorin bai kama da wuri ba, sai da aka sake shi. Na daɗe a kwance.

Ranar da na fara takawa da sanda, ban je ofis ba, Yalwawa na nufa. Alhaji yana kan tabarmarsa. Na yi sallama, bai amsa ba. Na ɗauka bai ji ba, na matsa na sake yi. Sai ya juya fuskarsa ga bango. A lokacin na lura ba a jin ƙarar inji daga ciki.

Isa, mai tuƙa masa inji, shi ya ja ni gefe ya faɗa min. Dakta ya zo da motar ofis, da wani saurayi Kamal, ɗan abokinsa. Ya ce wa Alhaji na yi hatsari, wancan na Buji ya samu wani wuri, ni na roƙe shi ya kawo wannan a madadinsa, kuma na ce na tsaya masa kamar yadda na tsaya wa na farko. Alhaji ya ce, "Na ce ya kawo da kansa." Dakta ya ce, "Yana kwance ne, Alhaji, ba ya iya tashi." Alhaji ya yi min addu'ar samun lafiya, ya karɓe shi. Da aikin jarrabawa ya zo, Kamal ya ɗauki hoton tambayoyin da waya ya tura wa ƙanwarsa da ke ɗaya daga makarantun. Daga wayarta ya zaga gari. Makarantun suka soke jarrabawar, suka kwashe aikinsu suka kai Kano.

Shi kuwa Habu, da ya zo ofis da hularsa a wanke, Dakta ce masa ya yi wai Baba Sabo ya aiko a gaya masa Alhaji ya fasa. Ya koma gida. Daga baya ya ji cewa ga wani can yana aiki a wurin da sunana.

Na ɗingisa har ofis. Dakta ya ce, "Malam Sabo, sannu da jiki. Abin nan kuskure ne na yarinta, zai wuce."

Na ce, "Yallaɓai, da sunana ka kai shi."

Ya ce, "Ofis ne ke tura ɗalibai, ba masinja ba."

Da ƙorafin makarantun ya iso jami'a aka kafa kwamiti, sai maganar ta juye. Dakta ya ce ofis bai tura kowa maɗaba'a ba, a duba, babu takarda. Masinja ne yake ƙulla harkokinsa da baki a gari, shi rakiya kawai ya yi don an roƙe shi. Aka duba kuwa, babu takarda, don mu takarda daga baya take zuwa. Abin da na gina aikin a kansa, da shi aka kayar da ni. Aka ce an tausaya min saboda ƙafa, aka mayar da ni get.

Dutse ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. Lauyan nan da muka fara da shi, in mun haɗu a masallaci yanzu daga nesa yake ɗaga min hannu. Na roƙi limamin unguwarsu Alhaji ya shiga tsakani. Ya je ya dawo ya ce Alhaji ya ce, in ba Sabo ne ya aiko ba, wanda ya faɗa ya zo ya janye da bakinsa. Na bi Dakta da wannan. Yau yana da taro, gobe ya tafi Abuja, jibi sakatarensa ya ce kada in ƙara hawowa bene. Damina na zagayowa Alhaji ya rasu. A sahun ƙarshe na tsaya, ban kusanci makara ba.

Bayan nan na hau babur na tafi Buji. Na tarar da Habu ya dawo daga gona, ƙafa duk taɓo. Ya shimfiɗa min tabarma a zaure, ya kawo ruwa, babansa ya fito muka gaisa. Na faɗa musu komai daga farko har ƙarshe. Habu yana kallon ƙasa. Da na gama ya daɗe yana kokawa da maganar, sannan ya ce, "Ba komai, Baba." Ya shiga gida ya fito da hular a cikin leda, a wanke, a ninke, ya ajiye a gabana.

Babansa ne ya rako ni wurin babur. Ya ce, "Malam, mu talakawa ne, amma mun san yadda ake yi. Da ka faɗa mana abin da ake bayarwa, ai da mun sayar da akuya."

Na hau babur na juyo. Duk wanda yake wurin ranar da Dakta ya yi maganar, abin da ya ji shi ne Sabo ya aiko. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya cewa ba haka ba ne.

Bana Dakta Nasiru ya samu kujerar Hajji. Kun san yadda ake yi, mai tafiya yana zagaya mutane yana neman gafara. Ya zaga ofisoshi, ku ma ya shigo wurinku. Ranar da zai yi sallama ya tsayar da mota a get, ya fito cikin farar shadda, ya bi masu gadi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya iso kaina ya miƙo hannu, ga motoci sun fara taruwa a bayansa.

Ya ce, "Malam Sabo, zan tafi sauke farali. Duk abin da ya shiga tsakaninmu, a yafi juna."

Na riƙe hannun, na ce:

"Yallaɓai, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Bencin da ka raba ni da shi, na yafe. Alhaji Garba ya riga mu, wannan sai kun haɗu. Saura Habu. Shi yana da rai, kuma Buji ba ta kai Makka nisa ba. Ga babur can a gindin darbejiya, akwai mai a ciki. Hau in kai ka da ƙafata, kamar yadda nake kai kowa. Ka tsaya a gabansa da gaban ubansa ka ce Sabo bai aiko ka ba. In ka faɗa, kafin mu juyo na yafe maka. In ba za ka hau ba, sakar min hannu, motoci na jira."